The Mule: tsoho ɗan 88 da hodar iblis a bayan mota

Duk wanda ya shiga kallon fim ɗin nan yana jiran harbe-harbe da akta ya bi bos da gudu to gara ya canza wani tun wuri, The Mule tafiyar hawainiya yake. Clint Eastwood ne daraktan kuma shi ne jarumin, a 2018 ya fito lokacin yana ɗan shekara 88, kuma wallahi tsufan ba kwalliya ba ce, kana ganin yadda yake jan ƙafa.

Earl Stone sunansa a ciki, mai noman furanni a jihar Illinois, intanet ta zo ta kashe masa kasuwa banki ya ƙwace gida, kawai sai wasu 'yan Meziko suka ce ya riƙa kai musu saƙo tunda ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa yanka masa tara ba. To wa zai tsayar da dattijo yana tuƙi yana rera waƙa yana tsayawa cin sanwici? An ɗauko labarin ne daga wani Leo Sharp da aka kama a Michigan a 2011 yana ɗan 87 yana yi wa ƙungiyar dillalan ƙwaya ta Sinaloa da ke Meziko dako.

Ni dai ɓangaren gidan ne ya riƙe ni. Mutumin nan ranar ɗaurin auren 'yarsa yana can taron masu furanni ana masa tafi, ita kuma ta yi shekara 12 ba ta ce masa uffan ba, kuma fa Alison Eastwood ce ta fito a 'yar, 'yar Clint ta cikinsa, shi ya sa in ta harare shi sai ka ji kamar ba wasan kwaikwayo suke ba. Da kuɗi suka shigo ya hau biyan hidimar bikin jikarsa da kuɗin makarantarta, yana neman shiga ta taga.

Abin da ya ɓata min rai, an lallaɓa shi da yawa. Ɗaruruwan kilo na hoda ya kai amma ko mutum ɗaya ba a nuna mana wanda ta lalata ba, sai dai tsoho mai barkwanci. Yafiyar ma ta zo da araha, 'yan kwanaki a gefen gadon tsohuwar matarsa tana jinya shikenan an manta komai. Bradley Cooper kuwa ɗan hukumar DEA, masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Amurka, bai samu abin yi sosai ba, hirarsa da Earl a gidan cin abinci da safe ce kaɗai ta yi armashi. Akwai wasu wurare na rashin kunya, kar a kunna gaban yara.