Gyaran bindigata samfurin 1777 ta Faransa: abin da ya biya kuɗinsa da abin da bai biya ba

Duk wanda ya shiga ƙungiyar masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen zamanin Napoliyon a nan Faransa, bindigar da za a ce ya nemo ita ce samfurin 1777 da aka yi wa gyara a shekara ta tara ta kalandar juyin juya hali, wato tsakanin 1800 da 1801. Ita sojan ƙasa na Faransa ya riƙe har zuwa yaƙin Watalu (Waterloo) a 1815. Ta asali tana da tsada, kuma ba mai hankalin da zai ɗura wa ƙarfen da ya haura shekara 200 albarushi. Shi ya sa ake sayen kwafi. Tawa ƙirar Indiya ce, mai araha, kuma daga nesa ba ta da laifi. Sai ka ajiye ta kusa da ta gaske a gidan tarihi sannan za ka ga bambanci.

Na kai ta wurin wani dattijon maƙerin bindiga da 'yan ƙungiyarmu suka yi mini kwatancensa. Ga yadda na ga aikinsa.

Babban aikin a katako yake, kuma nan ne kuɗina ya fi yin amfani. Masu ƙera kwafi suna barin katako da kauri fiye da kima, musamman a gaba inda ya rungumi bututun, da wuyan da hannun dama ke kamawa. Bindigar asali siririya ce, tsawonta kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta wajen kilo huɗu da rabi. Tawa ta zarce haka, kuma nauyin duk ya rinjaya gaba. Dattijon ya kankare jan fentin nan mai ƙyalli, ya bi katakon da magagari yana ragewa, yana gwadawa da wata tsohuwar ta asali da yake da ita a shago. Ya kuma zurfafa ramin kunci da ke gefen hagu na gindin bindigar, wanda yana cikin abubuwan da ake gane samfurin 1777 da su. A tawa da farko kamar an ɗan shafa ne kawai aka wuce. Daga nan ya shafe ta da man linsid, shafi bayan shafi, yana bari ya bushe. Yanzu in na saɓa ta a kafaɗar hagu ana atisaye, hannuna ba ya sagewa kamar da. Wannan kaɗai ya isa in ce ban yi asara ba.

Na biyu shi ne wurin tashin wuta. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga a hawan Sallah ya san irin tsarin: albarushi ta baki, a danna da sanda, wuta ta kama daga gefe. A wannan, ƙanƙara ce ke sarar ƙyastu, tartsatsi ya zuba cikin ɗan kaskon tagulla. Ƙyastun tawa ƙarfensa da laushi, tartsatsin kaɗan ne, ga babban sifirin da tauri har yana farfasa ƙanƙara. Ya sake gasa ƙyastun ya taurara shi, ya rage ƙarfin sifirin, ya goge wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya kuma cire fatar da na naɗe ƙanƙarar da ita ya sa dalma, yadda sojan Faransa ke yi, ya ba ni ƙanƙara mai launin zuma irin wadda aka san yankin Meusnes na tsakiyar Faransa da ita. Yanzu da wuya ta ƙi tashi.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne abin da ya ƙi yi. Da yawa suna neman a tsufar musu da bindiga, a sa mata tsatsa da tabo don ta yi kama da ta gidan tarihi. Shi ba ya yi, kuma gaskiyarsa ne. Sojan 1809 ba tsohuwar bindiga ke hannunsa ba. Ƙarfenta fari ne tas, yana goge shi da garin jan bulo da mai. Abin da dattijon ya rage wa ƙarfen kawai shi ne sheƙin madubi da injin masana'anta ya bari, wanda ya shafe har gefunan da ya kamata su fito da kaifi.

Sai hatimai, inda ban gamsu sosai ba. Ya buga sunan masana'antar Saint-Étienne a jikin farantin kunama, wato ƙarfen gefe da ke ɗauke da ƙyastu da kasko, da zagayen hatimi a gindi. Rubutun daidai ne, amma ya yi zurfi da tsafta fiye da na asali da na gani, kuma kuɗinsu ya yi yawa a kan abin da sai mutum ya sunkuya zai gani. Da yau ne zan zaɓa, da na bar su. Lambar bindigar da alamar gwajin bututu kuwa bai taɓa su ba, ya ce doka ce, kuma masu shirya taro suna dubawa kafin su bar ka ka harba.

Akwai abin da ba gyara da zai canza. Na asali da itacen walnot aka yi su, tawa kuwa wani itace ne na Indiya mai buɗaɗɗen jiki, kuma duk man da aka shafa, wanda ya san abin zai gane. Ya kuma daɗe da ita fiye da alkawarin da ya yi, har wani taro ya wuce ni, ga shi ba ya ɗaga waya.

Kuɗin aikin ya kusa rabin abin da na sayi bindigar. In ka haɗa biyun, ka doshi farashin ƙirar Italiya da ke zuwa da walnot tun daga masana'anta, kodayake ita ma sai an rage mata katako. Wanda bai saya ba tukuna, ya yi wannan lissafin tun da wuri. Wanda kuma ya riga ya mallaki irin tawa, ya biya kuɗin katako da na ƙyastu, ya kuma kai ta da sanyin hunturu lokacin da ba a fita fili.