Tashar Mayakovskaya: sararin sama a ƙarƙashin ƙasa

Na yi mako biyu a Mosko ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa safe da yamma, na ratsa tashoshi da dama, amma Mayakovskaya ce kaɗai ta sa na bar jirgi uku suka wuce ina tsaye. Tana kan koren layi, wato layi na biyu. Da katin Troika, wato katin biyan kuɗin jirgi, na shiga, kuɗin tafiya ɗaya kawai, babu wanda ya ce in ƙara ko sisi don kallo.

Matakalar lantarki za ta gangara da kai mita 33. Na zaci zan tarar da rami mai matsi da duhu, sai ga wani dogon zaure fes, ginshiƙansa sirara, an lulluɓe su da ƙarfen da ba ya tsatsa, an ƙawata gindinsu da wani dutse mai ruwan hoda. Wanda ya zana ginin, Alexey Dushkin, ya yi dabarar da ta sa nauyin ƙasar da ke bisa kanka ba ya zuwa maka a rai ko kaɗan. A 1938 aka buɗe ta, shekara uku bayan fara aikin jirgin a birnin, kuma tsarinta ya ci babbar kyauta a baje kolin duniya na New York a 1939.

Sai dai duk wanda bai ɗaga kai ba, to bai ga tashar ba. A rufin akwai ƙananan ƙubbobi a jere, fitilu sun kewaye kowace, a tsakiyarta kuma hoto ne da aka harhaɗa da gutsattsarin gilashi masu launi. Guda 34 ne, aikin Alexander Deyneka, dukkansu sararin sama suke nunawa daga safiya zuwa dare har gari ya sake wayewa. Ga jiragen sama, ga mai sauka da laima, ga ɗan wasa ya yi tsalle kamar zai faɗo maka. Wanda ya fi kama ni shi ne reshen itace mai furanni, shuɗin sama a bayansa. Daga nesa ba a ganinsu, dole ka tsaya daidai ƙarƙashin kowane, shi ya sa na bi zauren a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Wani dattijo da ya ga ina kallo ya ciro kwabo, ya cilla shi ta cikin kwarmin ƙarfen ginshiƙi, kwabon ya bi lanƙwasar rufin ya sauko ta ɗaya gefen. Jikarsa ta yi ta tafi.

A wannan zauren ne mutane suka riƙa kwana lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, a nan kuma Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya yi jawabi ranar 6 ga Nuwamba 1941, sojojin Hitler na dab da birnin. Da na tuna mata da yara sun kwanta a wannan daɓen suna kallon saman gilashi alhali na gaskiya ya zama abin tsoro, sai jikina ya yi sanyi.

Mai niyyar zuwa ya bari sai hantsi ya dubi ludayi, bayan ma'aikata sun wuce. In ka fita ta tsohuwar ƙofa, kana cikin ginin zauren kiɗa na Tchaikovsky, mutum-mutumin Mayakovsky, marubucin waƙoƙin da aka sa wa tashar sunansa, kuma na tsaye a dandalin da ke gabanka.