Kafin ka zuba kuɗinka a littafin wasan labari: D&D, Pathfinder ko Dungeon World?

Tun da muka fara zaman wasan labari duk daren Asabar a Unguwar Rimi, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane littafi za a saya. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. Ɗaya ya zama jagora, shi ke bayyana gari da daji da dodanni, shi ke magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a hanya. In abu ya zo da shakku, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ba a sa ko sisi, kodayake sai da na yi wa Hajiya bayani sau uku kafin ta yarda ba caca ake yi mata a zaure ba.

Sunan da kowa ke fara ji shi ne Dungeons & Dragons, D&D a taƙaice. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974, yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Littattafansa na tushe uku ne: na 'yan wasa, na jagora, da na dodanni, kowanne kusan dala 50 a can, kafin kuɗin kawowa. Ka auna da canjin yau. Gaskiya yana da kyau, hotunansa kaɗai sun isa kallo, kuma duk abin da ya shige maka duhu za ka samu bayaninsa a YouTube. Da shi na fara, kuma shi ya kusa watsa mana zama.

A D&D ana raba halin jarumi gida tara: mai kirki ko mugu ko tsaka-tsaki ta gefe ɗaya, mai bin doka ko mai tawaye ko tsaka-tsaki ta ɗaya gefen. Ƙanina ya zaɓi ɓarawo, ya rubuta masa "mai tawaye, ba kirki ba mugunta", wato dai Gizo sak. Wani dare jarumanmu sun ceto ayarin fatake daga 'yan fashi, kowa ya jikkata, aka yada zango. Ana barci, ɓarawon nan ya lallaɓa ya kwashe magungunan jakar abokin tafiyarsa, gari na wayewa ya sayar. Na dube shi. Ya ce, "Yaya, ni fa ba ruwana, haka halinsa yake a takarda." Mai jakar, wanda tun daga Kawo yake hawo keke don zaman nan, ya ninke takardarsa huɗu, ya sa a aljihu, ya ce sai da safenku. Wata guda ba mu gan shi ba. Na koma na bincika littafin, na tarar a bugu na biyar wannan hali kusan lakabi ne kawai, ba abin da yake jawo wa mai shi, ba abin da yake hana shi. An bar jagora da rigimar.

Tun daga ranar ma'aunina ya zama biyu: me littafi ke yi da halin jarumi, kuma wane irin kaya yake ɗora wa jagora.

Pathfinder na kamfanin Paizo ya fito a 2009, bugu na biyu a 2019, kuma a gyaran 2023 sun cire gidajen nan tara, suka mayar da hankali kan abin da jarumi ya ɗaukar wa kansa da abin da ya haramta wa kansa. Na yaba. Amma littafin 2019 ya haura shafi 600, ni kuwa na gama jarrabawa tuntuni. Basic Fantasy na Chris Gonnerman kyauta ne tun 2006, ba ya ma maganar hali, sai dai jarumi sabon shiga na iya mutuwa da sara ɗaya, baƙonka ya koma gida ba daɗi.

Nawa shi ne Dungeon World, na Sage LaTorra da Adam Koebel, 2012, wanda aka gina kan tsarin wani wasan labari mai suna Apocalypse World. Littafi ɗaya ne tak. Kusan komai da 'yan lido biyu ake yanke shi, irin waɗanda ke cikin kwalin lidon gidanku. Ka jefa, ka haɗa, ka ƙara ƙarfin jaruminka. 10 zuwa sama, ka samu yadda kake so. 6 zuwa ƙasa, abu ya ɓaci, amma an ba ka maki ɗaya na gogewa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Daɗin yana tsakanin 7 da 9, inda za ka samu amma da ladan gaba, kuma ko ba a ƙara komai ba, 15 cikin 36 na jifa nan suke sauka. Sabon ɓarawon ƙanina na ƙoƙarin buɗe taskar wani sarki, ya samu 8. Na ce, "Ta buɗe. Zaɓi ɗaya: ko dogari ya ji motsi, ko ƙarfenka ya karye a cikin kwado, gobe a san an shigo." Ya yi minti biyu yana sosa ƙeya, sauran na ta ihu.

Hali a nan aiki ne. Mayaƙi mai kirki, abin da ake nema gare shi ya kare wanda ya fi shi rauni. Ɓarawo mai tawaye, ya faɗa haɗari ba shiri. A ƙarshen zama a tambaya, ka yi? In ka yi, maki. Sannan tun ranar farko kowa zai cike sunan abokin tafiya a gurbi, irin "wane ya san sirrin da zai iya tona mini asiri da shi". Wanda ya riƙe maka sirri ba ka yi masa sata cikin dare. Zaɓin mugu yana nan, ban ɓoye ba, ni dai na soke shi a teburina. Jagora kuma ba ya jefa ɗan lido don motsin dodanninsa, ba ya buƙatar tsara labari daga farko har ƙarshe. Rabin shafi nake rubutawa bayan magariba. Nakasun wasan biyu ne: lissafin rauni na buƙatar 'yan jifa na musamman masu fuska 4 da 8 da 10, wanda manhajar waya ke iya maye gurbinsu, kuma mai son faɗa na dabara a kan taswira kamar dara zai ga wasan ya yi masa sako-sako. Maganar limaman gumaka da ke cikin duk littattafan nan, mu mun mayar da su masu maganin gargajiya, ba abin da ya ragu.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na ga littafin 'yan wasa na D&D a shafin wani mai sayarwa a intanet, rabin kuɗi, hoto tas. Araha ba ta ado, amma na tura. Aka sako mini a mota, na je tasha na karɓa, ina buɗe leda warin gam ya buge ni. Takarda sirirya har kana hango rubutun baya, hotuna sun yi duhu kamar an ɗauka da almuru, ƙananan haruffan jadawali sun cakuɗe. Sati biyu, shafukan tsakiya suka fara zubewa. Na kira lambar, a kashe har yau. Don haka kafin ka tura ko naira ɗaya, ka ce ya yi maka bidiyo yana buɗe littafin, ya nuna ƙashin bayansa, ya kusanto da kyamara kan jadawali, ya ɗaga shafi ɗaya ga haske. In ya fara cewa ba caji, ka kama gabanka.

Akwai kuma masu sayar da abin da yake kyauta. Taƙaitattun dokokin D&D suna shafin kamfanin ba ko kwabo, na Pathfinder suna shafin intanet na Archives of Nethys, rubutun Dungeon World masu shi sun sake shi a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar kwafa kyauta. Duk wanda ya ce ka biya shi ya turo maka waɗannan ta WhatsApp, ruwan rijiyarku yake sayar maka. Ka sauke da kanka, ka kai shagon kwafi a buga maka takardun jarumai, ko wuta ta ɗauke wasa na tafiya da fitila.

Har 'yan jifan ba su tsira ba. Masu arahar nan wani lokaci akwai kumfar iska a cikinsu, sai su riƙa karkata gefe ɗaya. Ka zuba gishiri a kofin ruwa har ɗan jifa mai fuska 20 ya taso, ka riƙa taɓa shi da yatsa yana juyawa. In lamba ɗaya ce ke ta dawowa sama, ka ajiye shi. Nawa na farko 3 yake ta nunawa, kuma da shi na yi wata shida ina zargin sa'ata. Yanzu masu garai-garai nake saye, waɗanda in ka ɗaga ga haske kana ganin cikinsu.