Na yi shatar tsohuwar Bilhodi ta kwaso mini masara: abin da na gani a sawu uku

Bana masara ta yi kyau, alhamdulillahi, hanyar gonar ce ta ƙi. Gonar tana can bayan Maigana. In ka sauka daga kwaltar da ta tashi daga Zariya ta nufi Pambeguwa, sai ka bi burji mai ɗan nisa, sannan ka tsallake wani rafi da ruwan damina ya cinye wa gaɓa. Masu motar kanta (Canter) biyu na nema. Na farko ya zo ya leƙa rafin ya juya, na biyu kuwa da ya ji sunan ƙauyen sai ya ce motarsa tana gareji. Ga buhu 210 a jibge a fili, ina tsoron ɓera ina tsoron ɓarawo. Wani ɗan kamasho a Sabon Gari ne ya ce mini, "Malam, in dai kana son kayanka su fito, nemi Baba mai Bilhodi."

Da na ga motar sai da gabana ya faɗi. Bedford ce mai dogon hanci, samfurin J6, wadda tsofaffin direbobinmu suka mayar da sunanta Bilhodi. Bodin katako, fenti kore da ya koɗe ya koma kalar ganyen kuka, ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta. A goshinta an rubuta "Haƙuri Maganin Duniya", kuma daga baya na fahimci ba don ado kawai aka rubuta ba. Baban da kansa ya haura saba'in, siriri ne, hannuwansa kamar saiwar kuka. Na tambaye shi ko yana ganin za ta haye rafin. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Ɗana, rafin da ta haye kafin a haife ka ya fi wannan."

Muka yi ciniki a kan sawu uku, buhu 70 kowane sawu. Kuɗin da ya yanka ya yi ƙasa da abin da mai kanta ya faɗa, kuma kanta da sai ta yi sawu kusan ninki biyu. Buhu 70 na kilo 100 ya kama tan 7, daidai nauyin da aka ƙera J6 ta ɗauka. 'Yan dako suka so su ƙara goma a sama, Baba ya hana. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni, domin mun san yadda ake yi wa motocin hatsi lodi a Giwa da Anchau har sifirin ya miƙe.

A rafin nan ne motar ta biya kuɗinta. Tana da tsayi daga ƙasa, cikinta bai taɓa tudu ba. Baba ya sa giya ta ɗaya, ya ɗan taɓa totur, inji na gurnani a hankali, ta gangara ta shiga yashi ta fito ta ɗaya gefen kamar saniyar da ta san mashayarta. Yaron motar yana biye da ita a ƙasa da waigi a hannu, ko da za ta ja da baya a hawan, amma bai jefa ba ko sau ɗaya. Injin dizal ne mai silinda shida, wanda makanikai ke kira 330, girmansa lita 5.4. Ƙarfin dokinsa bai wuce ɗari da 'yan kai ba, ƙananan motocin yanzu da yawa sun fi shi a lissafi. Sai dai jansa yana ƙasa ne, tun inji bai ɗau zafi da gudu ba, kuma abin da mai kaya a hanyar daji ke nema ke nan.

Na zauna a gaba duk sawu ukun, don haka na sha labari. Baba ya fara karen mota ne yana ɗan saurayi, a ƙarshen shekarun 1960, a wata Bilhodi mai shan fetur. Ya ce aikinsa na shekara biyu na farko bai wuce ɗibar ruwan lagireto, riƙon waigi da kwana a ƙarƙashin mota ba. Sun yi dakon auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza na BCGA, kamfanin audugar Turawan Ingila, a nan Zariya, sun kai ganyen taba kamfanin sigari, sun yi jigilar gyaɗa zuwa Kano lokacin dala na tsaye. In kaka ta wuce sai su gangara Kudu ɗauko goro, kwana da kwanaki a hanya, a yi ta jiran layi a gadar Jabba. Ya tuna ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Motar maigidansa sitiyarinta na dama ne irin na Ingila, sai ya zama yaron mota ne idon direba in za a wuce wata mota, shi zai leƙa ya ce "taho" ko "dakata". Wannan da muke ciki sitiyarinta na hagu, alamar bayan canjin ta fito.

Abin da na fi son ji shi ne dalilin da ya sa masu sufuri na wancan zamani suka rungumi waɗannan motoci. Wani ɓangare tarihi ne kawai. Kamfanonin Turawan Ingila ne ke riƙe da kasuwa, kuma tun 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa ta Legas a ƙarƙashin kamfanin UAC, shekara ɗaya bayan fitowar samfurin TJ, dangin da J6 ke ciki, a Ingila. Mota takan fito da kai da ƙashi kawai, kafintoci su gina mata bodin katako yadda mai ita ke so, na kaya ko na fasinja da kaya a haɗe. In bodi ya ruɓe kafinta ya sake wani, ƙashin yana nan. Ga shi kuma a nan yankin, ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, kayan da jirgi ke ɗauka ta wannan hanya suka koma kan taya.

Amma Baba ba ta nan ya ɓullo ba. Shi a wurinsa dalili ɗaya ne: mota ce da direba ke iya gyarawa da kansa. Ka ɗaga hancinta, komai yana gabanka, hannu na kaiwa ko'ina. Ba kwamfuta, ba wata waya da za ta rikita ka. Kayan gyaranta suna shiga juna, injin da ke cikin mai dogon hanci irinsa ne a cikin TK mai gajeren kai, in ɗaya ta mutu sai ta ciyar da 'yar uwarta. Ya yi aiki da Austin, ya ja Leyland na ɗan lokaci bayan an buɗe masana'antarta a Ibadan a ƙarshen shekarun 1970. Ya yabi Leyland wajen ɗaukar nauyi, amma ya ce Bilhodi ce motar mai ƙaramin jari, wanda ya sayar da shanunsa ya sayi mota ɗaya tak, ba shi da halin ta kwana a gareji.

Na ɗauka cika bakin tsofaffi ne, sai ga shi na gani da idona a sawu na biyu. Mun ƙara mai a bakin hanya wurin wani ɗan bumburutu, ashe man da datti. Muna gab da gadar Galma inji ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Ni har na fara lissafin inda zan samo makaniki da yamman nan. Baba ya sauko ba gaggawa, ya kwance matatar mai ya wanke, ya sassauta wani noti, ya sa yaro ya yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fita, ya ɗaure. Ta sha iska ne, in ji shi. Sifana biyu da tsumma, ko rabin awa ba a yi ba muka tashi. Wani maƙwabcina da ke da sabuwar mota ya taɓa yin kwana huɗu yana jiran mai na'urar da zai karanta masa abin da ke damunta.

To, kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Tsufa tsufa ne. A kan kwalta motar nan ba ta da sauri ko kaɗan, giya huɗu gare ta, da lodi tafiyar hawainiya take, tireloli na ta danna mana oda a baya. Tafiyar da ƙaramar mota ke yi a ƙasa da awa ɗaya mu sai mu ninka ta har da ɗori. Cikin kan motar zafi kamar gidan burodi, ƙarar inji kuma sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Sitiyarin ba shi da wani taimako sai ƙarfin damtse, da muka zo juyawa a lungun sito a Muciya sai da yaron ya kama masa. Babu bel ɗin kujera. Birkin yana kamawa, amma Baba tun daga nesa yake fara lallashinsa, yana saukar da giya, kuma na lura ba ya yarda ya matsi motar gabansa. A hannun yaro mai zafin kai ba zan hau wannan mota ba ko kyauta ce. Hayaƙi ma akwai shi, baƙi wuluk in tana hawan tudu. Kuma katakon bodin ya tsage a wani wuri, ƙusa ta huda mini buhu biyu, masara ta yi ta zuba a hanya kaji na godiya.

Matsalar da ta fi waɗannan ita ce kayan gyara. General Motors, wanda a lokacin shi ke da kamfanin Vauxhall da ya fara ƙera Bedford a 1931, ya daina ƙera manyan motocin a 1986. Wani kamfani mai suna AWD ya karɓi masana'antar Bedford ta garin Dunstable a Ingila ya ci gaba da TJ don kasuwannin waje, shi ma ya durƙushe a 1992. Tun kafin nan Marsandi 911 ta riga ta ƙwace doguwar hanya a ƙasar nan, kuma Baba bai musa ba, ya ce a zuwa Legas 911 gaba take. Yanzu abin da ke riƙe da irin tasa shi ne gawar 'yan uwanta. Yana da guda biyu a bayan gidansa da yake cirar kaya a jikinsu, wani abin kuma sai an je Panteka a Kaduna ko an sa mai injin juya ƙarfe ya ƙera. Ma'ana in wani babban abu ya karye da kayanka a kai, jiran na iya yin tsawo. Duk mai shirin yin shatar irinta ya sa wannan a lissafi, musamman in kayan masu lalacewa ne kamar tumatir.

Hukuncina: in kayanka hatsi ne ko rake ko taki, hanyar gajeriya ce kuma mummuna, ba ka gaggawa, direban kuma dattijo ne da ya san motarsa, to ɗauke ta, za ka rage kuɗi kayanka kuma su fito daga inda wasu suka ƙi shiga. In Kano ko Abuja za ka, ko kana son a sauke kafin la'asar, nemi wata.

Buhu 210 suka shiga sito cikin kwana biyu, ban da abin da kaji suka ci. Da na zo biyan kuɗi Baba ya cire na buhu biyun da ƙusa ta huda ba tare da na yi magana ba. Na ce ya bari, ya ƙi. Mun yi da shi zai kai mini takin gargajiya gonar kafin ruwan fari ya sauka, ya ce in Allah ya kai mu, amma in tabbata an gyara gaɓar rafin nan, don ba shi da sauran sifirin na baya a ajiye.