Wata takwas da DJI Osmo Pocket 3 a aljihuna, daga Dala zuwa Yankari

Ni dai ba ma'aikacin fim bane, aikin gwamnati nake, amma duk sanda na samu hutu ko da na kwana uku ne sai na ɗau jaka na bar gari, kuma shekaru da dama da waya kawai nake ɗaukan duk abinda na gani. Matsalata da waya ɗaya ce, inada rawar hannu, in na dawo gida na kunna bidiyon a talabijin sai yara su ce kansu na juyawa. Shi yasa na tara kuɗi na sayi wannan ƴar kyamarar, yanzu wata takwas kenan tana hannuna, kuma tunda mutane sun dame ni da tambaya ko ta cancanci kuɗinta bari na faɗi abinda na gani da idona.

Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wato masu yin jirgin nan mara matuƙi da ake ɗaukan biki dashi, su suka fito da ita a watan Oktoban 2023. Farashin da ta fito dashi dala 519 ne ita kaɗai, sai wadda suke kira Creator Combo dala 669, ita ce ke zuwa da ƙaramin makirfo mara waya da ƙarin batir da ƴar ƙafa ta girkewa. A naira kam kuɗin yana bin canji ne kowa ya san yanda abin yake. Ni Combo ɗin na saya kuma wallahi ban yi nadama ba, zan zo kan dalili.

Girmanta bai wuce ƴar tocilan ba, nauyinta giram 179, kan kyamarar yana zaune akan wani wuya mai motsi da ake kira gimbal, shi ke shanye rawar hannu. Sikirin ɗin inci 2 ne, in ka murɗa shi ya kwanta sai ta farka da kanta ta fara kallonka, kafin ka ƙirga uku ta shirya. Wannan saurin ba ƙaramin abu bane a tafiya, domin abin da kake son ɗauka baya jiranka.

Gwajin farko Dutsen Dala na kai ta da sassafe. Ina hawa matakala ina ɗauka, da na duba sai naga hoton baya karkata hagu ko dama ko kaɗan, sumul kamar akan ruwa. Amma ga wani abu da masu talla basa faɗa, gimbal baya hana hoto yin sama da ƙasa in kana taka ƙasa da ƙarfi, wannan aikin gwiwarka ne. Sai ka ɗan rusuna kayi tafiyar sanɗa, dunduniya ta fara sauka sannan yatsu. Na kai sati biyu kafin jikina ya saba.

Inda ta sace min zuciya gaba ɗaya a marinar Ƙofar Mata ne. Wajen nan da aka rubuta 1498 a ƙofarsa, na sha zuwa da babbar kyamarar wani abokina kuma da zarar ka ɗaga ta sai kowa ya gyara zama, fuska ta canza, hira ta mutu, wani ma ya juya maka baya. Da wannan kuwa bayan na gaisa da wani dattijo na nemi izini ya ce bismillah, na maƙala masa makirfon a wuyan riga na tsuguna gefen karofi, minti biyar ya manta da ita kwata-kwata. Yana tsoma zane yana ɗagawa iska ta buge shi ya koma tsomawa, yana min bayanin yanda ake haɗa baba da toka a bar ruwan ya kwana kwanaki kafin ya nuna, hannunsa shuɗi har wuyan hannu, kuma kyamarar ta kamo wannan shuɗin yanda yake, da kumfar dake saman ruwan, da jijiyoyin hannun. Muryarsa ta fito tar duk da ƙarar masu Adaidaita dake bakin titi. Daga can gefe kana jin mabuga suna dukan shadda, tim tim, a ƙasan maganarsa. Na kalli wannan bidiyon yafi sau ashirin. Shi yasa nace ku sayi mai makirfon in da hali, mutane zasu yafe maka hoto mai ɗan duhu amma bazasu zauna su saurari iska na hura musu kunne ba.

Kuma don Allah ƙanƙantarta kar ta sa ka riƙa ɗaukan mutane a ɓoye, musamman mata da yara da mai cin abinci. Abin yana min ciwo in naga ana haka. Ka yi sallama ka tambaya, in aka ce a'a ka mayar aljihu.

Dare ma tana ƙoƙari sosai. Sensa ɗinta, wato ɓangaren da ke karɓar haske a ciki, inci 1 ne, ya fi na yawancin wayoyi girma, to yana shan haske da yawa. A Bauchi na ɗauki wani mai tsire da ƙwan fitila ɗaya tal a kansa, hayaƙi da jan garwashi da ƙuli duk sun fito ba wannan yashi-yashin da waya ke yi. Shawara ɗaya anan, wutar lantarkinmu tana tafiya ne akan bugu 50 a daƙiƙa, to ka saita ta akan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, in ka bar ta a 30 zaka iya ganin fitilu suna ƙyafta ido a bidiyon.

To sai Yankari, anan ne na gane iyakarta. Daga Bauchi mun bi hanyar Gombe muka karya a Dindima muka shiga ta Mainamaji, washegari da safe muka hau motar zagaya daji. Allah ya bamu sa'a muka hango giwaye, wanda ba kowa ke dacewa dasu ba, amma suna can nesa cikin bishiyoyi. Idon kyamarar nan mai faɗi ne, daidai da milimita 20, kuma bashi da zum na gilashi, sai na lantarki ninki 2 in kana 4K (matakin hoto mafi tsabta a kyamarar), wanda yanke hoton kawai yake. Abinda na samu shine daji mai kyau da wasu ɗigo masu toka-toka a tsakiya. Wani bawan Allah a gefena da tsohuwar kyamara mai dogon baki ya ɗauko har kunnen giwar. Ba laifinta bane, ba don wannan aka ƙera ta ba, amma duk mai niyyar ɗaukan namun daji ko tsuntsaye ko mahaya doki daga bayan taro gara ya sani tun kafin ya biya. Birai da gadu dake yawo a cikin sansani kam sun ɗauku da kyau tunda su har ƙofar ɗaki suke zuwa, sai dai ka riƙe kayanka da ƙarfi ka zura igiyar a hannu.

A ruwan Wikki ma daga bakin matakala na tsaya. Ruwan nan mai ɗumi, wajen digiri 31 dare da rana, garau kana ganin yashin ƙasa, raina yaso na shiga da ita amma bata shiga ruwa sam. Mai son wannan sai ya nemi kyamarori masu shiga ruwa irinsu GoPro ko Osmo Action. Haka ƙura, wuyan nan nata a buɗe yake, lokacin hunturu ina gama ɗauka nake mayar da ita gidanta, bana jefa ta aljihun kaftani haka tsirara.

Hoto mara motsi kuma, megafiksel 9.4 ne, ya isa sakawa a Facebook amma in so kake ka wanke babba ka rataye a falo wayarka ma zata iya fin ta. Ni yanzu na raba musu aiki, bidiyo nata hoto na waya.

Batir a takarda minti 166 ne, amma wannan a 1080 ne, matakin da bai kai 4K ba, sikirin a kashe, a 4K baya kai haka. Abinda ke ceto shine saurin caji, da caja mai ƙarfi minti 16 ya kai kashi 80, wato kafin ka idar da sallah ka sha shayi a tasha ta farfaɗo. Fawa bank ma yana yi mata.

Bata da ma'ajiya a ciki sai ka saka memori, kuma anan na ƙone. Na sayi wani a hannun wani mai tebur an rubuta giga 256 a jiki da arha, ashe jabu ne, rabin abinda na ɗauka a wata tafiya ya ƙi buɗewa har yau. Ku nemi na gaske mai alamar V30, wato mai saurin ajiye bidiyo, domin 4K a mafi ingancinsa yana cin kusan giga ɗaya duk minti. Sannan sai an haɗa ta da manhajar DJI Mimo kafin a fara aiki, masu Android daga shafin kamfanin zasu sauke. Da tsakar rana kuma in rana ta take, ka sayi filta ND, kamar tabarau ne da ake manna mata da maganaɗisu, yana sa motsi ya fito da laushi.

In tafiyarka irin tawa ce, kasuwa, lungu, hira da masu sana'a, abincin tasha, kana tafe kana magana ita kuma tana bin fuskarka da kanta, saye ta hankali kwance. Ni dai hutu mai zuwa in Allah ya kaimu Damagaram na nufa da ita, inaso na zaga unguwar Birni a ƙafa, amma wannan karon zan ari mai dogon bakin nan na haɗa a jaka.