Naira 22,500 a kan robar hannun keke: ku kiyayi mutumin nan

Jama'a, kwana huɗu kunya ta hana ni rubuta wannan, amma ɗazu na ga ya sake saka tallarsa a wani zauren masu babura na Facebook, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su, har wani bawan Allah yana tambayarsa farashi. Na ce to, kunyar ta sha zamanta.

Naira 22,500. Dubu ashirin da biyu da ɗari biyar. A kan robar hannun babur, abin da zan iya shiga Sabon Garin Zariya in saya in dawo kafin la'asar.

Kuma kada wani ya ce mini wawa. Shekara tara ina hawan Boxer, ni nake canza fulogi, ni nake ɗaure sarƙa, ba kowane abu nake kai wa bakanike ba. Robar hannuna ce ta siɗe, ta hagu har juyawa take idan tafina ya yi gumi. Sai na ga tallarsa: roba mai taushi, da bututun totur sabo (wanda ake murɗawa a hannun dama a ba babur wuta), da wayar totur, ya ce daga Nnewi yake ɗauko kaya kai tsaye. Kowa ya san Nnewi gidan kayan babur ne, to me zai sa in yi shakka?

Abin da ya kashe mini jiki ba hoton ba ne, magana ɗaya ce. Da na kira shi ya ce, "Yallaɓai, ka san ta dama ta fi ta hagu faɗin baki ko? Ƙarfen kan babur milimita 22 ne, ta hagu kai tsaye take shiga kansa, ta dama kuwa kan bututun totur take hawa, shi ya sa bakinta yake kai 24 ko 25." Wallahi gaskiya ya faɗa. Har yanzu muryar tana kunnena, "Yallaɓai, ka san ta dama ta fi ta hagu." Na ce a raina wannan ɗan sana'a ne, ɓarawo ina zai san wannan? Ina kwance da dare sai in ji maganar ta dawo. Da bai faɗe ta ba da ko sisi bai gani ba.

Na tura 14,000 ranar Litinin. A'a, Lahadi da daddare ne, don Litinin ce ya kira ya ce direban da zai taho da kayan yana son 3,500. Na tura. Dubu biyar ta ƙarshe kuwa, wai 'yan ƙungiya sun riƙe kayan a tasha, sai an sallame su. A nan ya kamata in farka. Sunan da ke kan asusun ma ba shi ne sunan da ke shafinsa ba, ya ce na ƙaninsa ne. Na gani, na karanta, na tura. 14,000 da 3,500 da 5,000. Ku haɗa da kanku.

Ga inda na fi jin haushin kaina. Tun ranar da ya ce kaya sun taso na cire tsofaffin. Ta hagu ba ta ba ni wahala ba, na cusa siririn sukundireba ƙarƙashinta, na ɗiga ruwan sabulu, na murɗa ta fito. Ta dama ta ƙi, don wanda ya sa ta a da ya zuba mata gam. Maimakon in je wajen mai faci ya hura mata iska ta saki, sai na ɗauko reza na tsarge ta, har rezar ta ci bututun. Na ce ba komai, ai sabo na zuwa. Kwana shida ina zuwa aiki da tsohon tiyub naɗe a kan ƙarfe kamar mai kurar ruwa, hannuna duk ya yi baƙi. Uwargida ta ce, "Maigida, wai kayan nan daga Makka za su zo?" Ban tanka ba.

Kayan sun zo, wannan shi ne abin takaicin. Da bai aiko komai ba da na ce ɓarawo ne kawai. Ƙulli ne a baƙar leda, an nannaɗe shi da salatif kamar wani abin kirki. Babu bututu, babu waya, roba biyu ce kawai masu warin ƙonanniyar taya. Na goge ƙarfe, na sa ta hagu, ta shige lafiya. Ta dama na yi ta fama, na tura, na jiƙa, na buga da tafin hannu, ko bakin bututun ta ƙi hawa. Na kai wa bakanikena. Ya juya su a hannu, ya haɗa bakinsu wuri ɗaya, ya ce, "Malam, ai wannan ta keke ce, duk biyun bakinsu ɗaya." Yaransa suka juya baya suna dariya. Mutumin da ya karantar da ni bambancin dama da hagu, shi ne ya aiko mini biyu iri ɗaya!

Tun kafin nan ma, ranar da na ce masa direba bai kira ni ba, ya yi mini rantsuwa har da cewa yanzu ya fito daga masallaci. Da na tura masa hoton robar sai ya toshe ni a WhatsApp. Lambar kuma a kashe.

Bakaniken ya sa mini wata da bututu sabo cikin minti ashirin, ya murɗa totur ya saki sau uku ya ga tana komawa da kanta, sannan ya ba ni makulli. Abin da na biya shi duka bai kai rabin 14,000 ɗin farko ba.

Hirarmu duka tana wayata, da shaidar tura kuɗin guda uku, da saƙon muryarsa. Yau da dare zan saka hotunansu, sai na rufe lambar asusuna tukuna.

Kada ku tura wa kowa kuɗi kafin kaya su shigo hannunku, kuma kada ku cire tsohuwa sai kun haɗa bakin sababbin kun ga ɗaya ta fi faɗi. Robar kekensa tana nan a kan tagata, duk mai keke ya zo ya ɗauka.