Wane Irin Fan Ya Dace da Gindin Bishiya?

Duk mai mangwaro a tsakar gida ya san yadda gindinsa yake: ƙasa fayau, tsintsiya ta suɗe ta, ciyawar ado ko an dasa sai ta yi rawaya ta mutu don rashin rana. Shi ya sa masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Jos ke nuna maka fan, tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ba ya fure ba ya 'ya'ya. Sun yi gaskiya, yana son inuwa. Sai dai inuwa kaɗai ba ta riƙe shi. Danshi yake so, a ƙasa da kuma a iska, bishiyar da ta ba shi inuwar kuwa ita ce ke shanye masa ruwa.

Wanda za a fara miƙo maka shi ne fan na Boston, mai dogayen ganye masu lanƙwasowa. Yana da kyau ƙwarai, amma tukunya ta fi karɓarsa. A ƙasa, da hunturu ya busa sai ka ga bakin ganyen ya ƙone, yana kakkaɓewa.

Ni ɗan uwansa nake zaɓa, wanda masana ke kira Nephrolepis cordifolia. Ganyensa a miƙe yake kamar takobi, bai kai na Boston yauƙi ba. Ka ce mai sayarwa ya zare maka guda daga leda, ka duba saiwar. Idan ka ga 'yan ƙwallaye kamar aya manne da ita, shi ne. A cikinsu yake ajiye ruwa, don haka ko an yi kwana biyu ba a ba shi ba, ba ya saurin langaɓewa. Yana kuma miƙa 'yan jijiyoyi ta saman ƙasa suna tsirowa, har ya rufe wurin da kansa. Aibinsa ke nan ma: a gari mai ruwa irin Jos sai ya wuce gona da iri, don haka a yi masa iyaka da bulo tun farko.

Akwai Adiantum, mai ƙananan ganye da siririn kara baƙi wul kamar zaren gashi. Kowa ya gan shi sai ya so shi. Kada ka saye shi don rufe ƙasa. Ƙasar na bushewa sau ɗaya ya tafi. Shi kuwa mai faffaɗan ganye da ake kira sheƙar tsuntsu, a jikin itace yake zama a daji, ba ya yaɗuwa.

Wanda ya yi tafiya Mambila ya ga wani babban fan da ya cika gangaren tsaunuka, Pteridium. Kyauta ne, amma kada ka tono shi. Saiwarsa na nutsawa ta yadda fitar da shi sai an sha wuya, kuma guba ne ga shanu da dawakai. Gidan da ake kiwo bai kamata ya shiga ba.

To mutumin Kano ko Sakkwato fa, inda damina wata huɗu ce sauran duk rani? Idan ba ka da rijiya ko burtsatse, ka haƙura da fan na gaske. Nemi wanda ake kira asfaragas fan. Sunan kawai ya ara, ba dangi ba ne, amma yana da kauri a saiwa, yana jure ƙishi, daga nesa kuma ba mai bambancewa. Yana da 'yan ƙayoyi, a kula da ƙafar yara.

Bishiyar ma a duba ta. Ƙarƙashin turare da wuya wani abu ya yi albarka. Darbejiya da mangwaro da sauƙi, in ka ja baya kaɗan daga gindin, ka haƙa tsakanin manyan saiwoyi ba tare da ka sare su ba. A dasa da faɗuwar damina, tazarar kamar kamu ɗaya, a zuba ruɓaɓɓen taki.

Wajen saye, juya bayan ganyen. Ɗige-ɗigen ruwan ƙasa da ke jere reras ba cuta ba ce, ta nan yake fitar da ƙurar da yake haihuwa da ita. Abin gudu shi ne farin abu kamar auduga a maƙale a kara, wannan ƙwari ne. Bayan an dasa kuma, a gaya wa mai sharar safe ta bar busasshen ganyen da ya zubo tsakaninsu, shi ke riƙe danshin. A dai riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci ana duba gara.